Haƙurin Mai Jiran Gida

Kowa ya san ƙasar Daura ya san ruwan samanta ba ya daɗewa. Daga watan Yuni zuwa Satumba ne ƙarfin damina, wata huɗu ke nan in Allah ya kawo ta da kyau. Sauran watannin kuwa sai iska da rana. Da an yanke gero an ɗaure, an roro wake, an cire gyaɗa, to, aikin gona ya ƙare, amma ci bai ƙare ba. Saboda haka tun kaka da kakanni magidanta da samari na Daura da Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa suka saba ɗaukar buhu da sanda su tafi cin rani. Tafiyar riba biyu gare ta: ga ɗan abin da mutum zai samo, ga kuma bakinsa da ya ɗauke daga kan rumbu, hatsin ya ƙara kwana. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.

In matafiyi ya komo, kowa yakan taru ya ji labarinsa, da garuruwan da ya gani, da wahalar da ya sha. Wadda ba a cika tambaya labarinta ba ita ce wadda aka bari a ɗaka. Abin da akan ce da ita kalma ɗaya ce tak: “Ki yi haƙuri.” Uwar miji ta faɗa, uwarta ta faɗa, malamin unguwa ya faɗa. To, a nan ne tambaya take. Haƙurin nan da ake nema wurinta, kyauta ne ta ba mijinta, ko kuwa rance ne wanda wata rana za a biya? In rance ne, yaushe ne wa'adinsa, kuma wa zai yanka shi?

Tambayar tsohuwa ce ƙwarai, gama tana kwance cikin labarin asalin Daura kansa. Masu ba da tarihi sun ce da Bayajida ya gudo daga Barno, tare yake da matarsa Magira, 'yar Sarkin Barno. Da suka iso Garun Gabas, a ƙasar Haɗeja ta yau, ciki ya yi mata nauyi, sai ya bar ta nan ya yi gaba. Ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya auri Daurama. Kowane yaro a Daura ya san wannan. Magira kuwa ta haifi ɗanta Biram a baƙon wuri, kuma labarin, yadda aka saba ba da shi, bai sake waiwayarta ba. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari, amma a nan ko labarin ma na gaban ne ya tafi da shi.

Tafiye-tafiyen mutanen ƙasar nan iri biyu ne, kuma wajibi ne a rarrabe su, domin a bambancinsu ne amsar take.

Iri na fari shi ne cin rani na ainihi. Mutum ya tashi bayan kaka, ya nufi Kano ko wani babban gari, ya yi ga-ruwa, ko dako, ko yankan farce, ko aikin lambu. Wannan tafiya ba mutum ne ke yanka mata wa'adi ba, sama ce ke yankawa. Da bazara ta yi, hadari ya fara haɗowa daga gabas, duk inda ɗan cin rani yake sai hankalinsa ya tashi, domin ya san wanda ya rasa shukar ruwan fari ya rasa shekara. Matarsa ma ta san haka. Ba ta bukatar takarda, sai ta dubi sama ta ce, “Malam ya kusa.” Jiranta bai cika wuce wata biyar ko shida ba, kuma ta san ƙarshensa tun daga farkonsa.

Iri na biyu shi ne tafiya mai nisa wadda damina ba ta iya kira. A zamanin da fatake sukan tafi Gwanja sayen goro su yi watanni a hanya. Masu niyyar Makka a ƙasa sukan ratsa Barno da Wadai su shiga Sudan, su tsaya aikin auduga a Jazira don neman guzuri, wani ya yi shekara biyar, wani goma, wani kuwa can ya yi kabari. Da hanyar jirgin ƙasa ta buɗe tsakanin Kano da Ikko a 1912, sai Kurmi ya matso. Aka kafa unguwar Sabo a Badun a 1916, Agege ta cika da 'yan Arewa, waɗansu suka nufi haƙar kuza a Jos, waɗansu suka zarce Kumasi, inda suka zauna har dokar korar baƙi ta Ghana ta 1969 ta taso da yawansu. Daga baya hanya ta juya arewa: a ƙetare iyaka ta Kongolam, a bi Damagaram da Agadas, a ratsa Sahara zuwa Libiya ko Aljeriya. Waɗansu kuma jirgin sama ke kai su Saudiyya, wani da takardar aiki ta shekara biyu, wani da sunan Umra ya maƙale. Mai irin wannan tafiya, ko ya ji an yi ruwa a gida, ba shi da ikon tasowa. Bashin wanda ya yi masa hanya na kansa, fasfonsa wataƙila yana hannun ubangidansa, in kuwa ba shi da takarda ya san ranar da ya fito ba shi da sauran komawa. Haka watanni ke zama shekaru ba tare da kowa ya yi niyya ba.

To, yaya wadda aka bari take yi? Abu na farko da ke gabanta shi ne tukunya. In maigida mai tsari ne, kafin ya tashi ya ƙirga dammunan da ke cikin rumbu, ya danƙa mabuɗi ga ubansa ko wansa, ya bar ɗan kuɗin cefane. Amma dami ƙarewa yake yi, aike kuwa ba shi da rana. Sai ta koma ga sana'ar hannunta. Ta soya gyaɗa ta matse mai ta yi ƙuli-ƙuli, ko ta yi daddawa, ko fura, ko saƙar faifai, ta ɗora wa 'yarta talla. Ta yi kiwon akuya ko tunkiya, ranar da ciwo ya kama yaro a kai ta kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi a sayar. Ta shiga adashi da matan unguwa, ta riƙe biki da ƙawayenta domin wanda ta kai wa gudummawa shi zai kawo mata. In abin ya ci tura, sai ta juya ga kayan ɗakinta. Kwanonin da iyayenta suka jera mata ranar aure su ne ma'ajiyarta, sai su riƙa fita ɗaya ɗaya, da dare, ta hannun dillaliya, don kada maƙwabta su gani. Mai shiga ɗakin matar matafiyi, in yana da lura, daga giɓin da ke cikin jere zai iya ƙidaya watannin da aike bai zo ba.

Abu na biyu shi ne zama a gidan da ba nata ba. Miji shi ne inuwar mace a cikin danginsa. In ya tafi, ita ce a tsakanin uwar miji da faccaloli da ƙannen miji, ba mai shiga tsakani. Sau da yawa kuɗin da ya aiko ba hannunta yake faɗawa ba, sai ya bi ta hannun wa ko ƙane, a cire na taki, a cire na bikin wane, abin da ya rage a miƙo mata. In ta yi magana a ce ba ta da kunya. In ta yi shiru, ita da 'ya'yanta su kwana da yunwa.

Abu na uku ya fi waɗannan ciwo, shi ne bakin mutane. In ta yi kwalliya a ce wa take yi wa? In ta bar kwalliya a ce ta zama ƙazama. In ta je gidansu ta kwana biyu a ce yaji ta yi. Ita ba bazawara ba, balle masu so su fito; ba mai takaba ba, balle a yi mata ta'aziyya a ƙirga mata kwanaki; ga igiyar aure a wuyanta, ga ɗaki ba kowa. Kaɗaicin dare kuwa ba ta da wanda za ta gaya wa, gama kunya ta hana.

Wani zai ce ai yanzu nesa ta zo kusa. Gaskiya ne. A da sai an sami mai zuwa gida a ba shi wasiƙa, a kai wa malami ya karanta a gaban jama'a, ba damar a sa maganar asiri. Daga baya aka riƙa ɗaukar murya a kaset a aiko. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 kuwa, sai ga mace tana jin muryar mijinta daga Turabulus ko Jidda tana zaune a bakin murhu, kuɗi kuma yana isowa a yini ɗaya. Wannan alheri ne babba, ya kuma rage cin amanar 'yan aike. Amma wayar da ke kawo gaisuwa ita ce ke kai tsegumi. Wani yana can ƙetare yana mulkin gida ta waya: ina kika je, wa ya shigo, don me ba ki ɗauka ba? Ya ɗauke mata jikinsa da taimakonsa, ya bar mata zarginsa. Har wa yau waya takan sa mutum ya ga kamar ya sauke nauyi, ya ce ai kullum muna magana, ai ina aikowa. Alhali kuwa murya ba ta ɗaukar yaro zuwa asibiti da tsakar dare. Zumunta a ƙafa take, aure kuwa ya fi zumunta bukatar ƙafa.

Kada a zaci kullum mace ce mai jiran gida. Daga Daura in an ƙetare iyaka kaɗan sai ƙasar Kance da Matamai, a Jamhuriyar Nijar, mutanen da harshe da aure da kasuwa suka haɗa da Daurawa. A can mata ne suka yi suna wajen tafiya Aljeriya da ƙananan yara, neman aikatau da sadaka, mazan suna gida. A watan Oktoba na 2013 motocin wani ayari suka lalace a hamada arewa da Arlit, aka tsinci gawa 92, mata 33, yara 52, maza 7, ƙishirwa ta kashe su, kuma yawancinsu mutanen wannan yanki ne. Namijin da aka bari shi ma yana da nasa ciwon. Uwarsa ko wata matarsa ke ba shi tuwo, kunyar cin kuɗin da mace ta aiko tana cinsa, abokan hira suna yi masa shaguɓe. Sai dai shi yana da ƙofofin da ita ba ta da su: yana fita dandali, yana iya ƙara aure, ba mai ƙirga masa taku. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya nuna haƙurin da ake nema wurin mace ya fi tsada.

Ba kuwa Hausawa kaɗai ke fama da wannan al'amari ba. Akwai wani tsibiri can yamma, a tekun Karebiyan, ana ce da shi Jamaika, yawancin mutanensa jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga jirgin ruwan nan Empire Windrush da ya sauka Ingila a watan Yuni na 1948, dubban mutanensa suka tafi neman aiki. Da yawansu sun tafi da niyyar shekara biyar su tara kuɗi su komo, sai ga shi sun tsufa a can. Waɗanda aka bari sun yi dabarun da matan Daura suka sani: kaka ta riƙe jikoki, mata su yi wani irin adashi nasu, a jira aike. Aiken yakan zo cikin ganga, shaƙe da shinkafa da mai da tufafi, har aka laƙaba wa yaran da suka tashi haka suna 'ya'yan ganga, watau waɗanda suka san kayan iyayensu ba su san fuskarsu ba. Amma a tsibirin nan akwai wata tafiyar dabam. Tun 1966 Kanada take ɗibar ma'aikatan gona daga Jamaika, da sharaɗin kada su wuce wata takwas a shekara, su koma gida. Wannan cin rani ne sosai, yana da tasa wahalar, amma matar mai yinsa ta san watan da za ta share ɗaki. Ashe ko a wata uwa duniya nisan wuri bai kai rashin wa'adi cin rai ba.

Shari'ar Musulunci ta daɗe da gane wannan. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara, ya yanka wata huɗu ga wanda ya rantse zai ƙaurace wa matarsa, bayan haka ko ya komo ko ya sake ta. An ruwaito kuma Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, yana kewaya Madina da dare, ya ji wata mace tana kukan kewar mijinta da ya tafi yaƙi. Ya tambayi 'yarsa Hafsa iyakar abin da mace ke iya jurewa, sa'an nan ya yi umurni kada a riƙe mayaƙi nesa da iyalinsa fiye da haka. Wata ruwaya ta ce wata huɗu, wata ta ce shida. Abin lura, gwargwadon cin ranin kakanni ke nan. In wanda ya fita don ɗaukaka addini an yanka masa lokaci, ina ga wanda ya fita neman kuɗi?

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar nan ke hukunci da ita, sun bi al'amarin daki daki. In miji ya tafi bai bar abin ciyarwa ba, bai kuwa aiko ba, mace tana da ikon kai ƙara. Alƙali ya bincika, ya rantsar da ita, ya saurara ɗan lokaci, sa'an nan ya raba auren. In yana aikowa amma ya daɗe, shekara ko fiye, har zaman ya cuce ta, alƙali ya rubuta masa ya zaɓi ɗaya cikin uku: ya komo, ko ya ɗauke ta zuwa inda yake, ko ya sauwaƙe mata. In kuwa ya ɓace ɗungum, ba a san yana raye ko ya mutu ba, Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta ambaci shekara huɗu daga ranar da ta kai magana aka nema aka rasa, sa'an nan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta yi aure in ta so. Ko'ina aka duba cikin hukunce-hukuncen nan, ƙidaya ake gani: wata kaza, shekara kaza. Shari'a ba ta san wani jira marar iyaka ba. Al'ada ce ta ƙago shi, ta sa masa rigar addini, har mace ta ga zuwa gaban alƙali abin kunya ne, alhali kuwa haƙƙinta ne.

Akwai magana mai nauyi da za a iya kawowa a kan wannan. A ce, talaka ne fa ake zance. Ba don daɗi ya bar ɗakinsa ya je yana kwana a kango a ƙasar da ba a jin harshensa ba. Gona ta tsufa, an raba ta gado har ta zama tafin hannu, taki ya yi tsada, bakuna sun yi yawa. Sau da yawa ma matar ce ke cewa, “Malam, ka ga gidan su wane an sa kwano, kai ma ka motsa mana.” Wanda ke hannun wani kuwa, yaya zai yi alkawarin rana? In aka matsa masa ya komo, yunwar da ta kore shi tana nan tana jiransa a ƙofar gida.

Maganar gaskiya ce, ba mai musunta. Tafiya neman halali ba laifi ba ce, sau da yawa ma wajibi ce, kuma gumin matafiya ya gina gidaje da yawa a ƙasar Daura, ya aurar da 'yan mata, ya biya kuɗin makaranta. Amma talauci uzuri ne na tafiya, bai zama uzurin yin shiru ba. Wanda bai iya cika wa'adi ba yana iya komowa ga mai shi ya nemi ƙari. Ko a kasuwa, in ranar biya ta zo mutum ba shi da shi, mai mutunci yakan je ya ce, “Ga halin da nake ciki, ka ƙara mini kwana, ko kuwa ka karɓi kayanka.” Wanda ya ɓuya shi ne macuci. Haka miji ya kamata ya ce, “Shekarar da na ce ta cika, ban samu ba. In za ki iya ƙara mini, na gode. In ba za ki iya ba, ba na riƙe ki da ƙarfi.” Matar da aka gaya wa haka, in ta zauna, zamanta haƙuri ne na gaske, mai lada, domin da zaɓinta ta yi shi. Wadda ba a tambaye ta ba kuwa ɗaure ta aka yi, ko da an kira abin da suna mai daɗi. Balle wanda ya je can ya yi wani auren a ɓoye, yana cewa gida biyu maganin gobara, ya bar na farkon yana ci da wuta.

Mutanen gida su ma suna da nasu kason na laifi. Abin da ya fi hana matafiyi komowa shi ne kunyar shigowa gari hannu rabbana. Ya san za a dube shi a dubi jakarsa. Lokacin da yaƙi ya tashi a Libiya a 2011, mutane da yawa sun komo ƙasashen nan daga su sai rigar jikinsu, kuma ba kowa ne aka tara da murna ba. Garin da ke yi wa wanda ya komo ba kome dariya, shi ne ke tsawaita jiran matan garin. Haka kuma dangin da ke cin aiken da ba nasu ba, da masu baki da ke ƙirga wa matar mutum taku, duk suna ƙara wa bashin nan nauyi, su kuwa ba su za su biya ba.

Saboda haka abin da ya kamata a yi ba shi da wuyar faɗi. Kafin mutum ya sa ƙafa a mota, ya zauna da matarsa, da waliyyinta, da wani dattijo nasa, a faɗi abu uku a fili: abin da za ta ci da hannun da zai bi ya iso mata, yadda za a riƙa jin labarinsa, da lokacin da zai komo ko ya aiko a sake shawara. In mace ce mai tafiya, sharaɗin ɗaya ne. Iyaye su daina rufe bakin 'yarsu da kalmar haƙuri tun ba su tambayi wa'adi ba. Malamai su karantar da babin matar wanda ya yi nisa kamar yadda suke karantar da babin biyayya, gama a littafi ɗaya suke. Masu unguwa da dagatai su san gidajen da magidanta suka daɗe ba su nan, su riƙa tambaya.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Amma mai dafa dutse ma yana bukatar a riƙa kawo masa itace, a kuma gaya masa ranar da za a sauke tukunya. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, ya sa su tarad da waɗanda suka bari ba su gaji da jira ba.